Rangwame 20/10/5 da 2/10, n/30: me ya sa lissafina ya saɓa da na littafi?

Dalibar_Kasuwanci:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. A taimaka a duba min inda na kauce a wannan tambayar ta lissafin kasuwanci. Farashin kaya a katalog 25,000. An ba da rangwamen sari 20/10/5. Sharaɗin biya 2/10, n/30. Mai kaya ya biya kuɗin dako 800 ya ɗora a kan inbois, wato takardar neman biyan kuɗin kayan. An rubuta inbois ranar 25 ga Maris, mai saye ya biya ranar 3 ga Afrilu. Nawa zai biya?

Abin da na yi: na tara 20 da 10 da 5 da 2, suka ba ni kashi 37. Na haɗa 25,000 da 800, na cire kashi 37 daga 25,800, na sami 16,254. Littafi kuma ya ce 17,558. Tazarar 1,304 ta fi ƙarfin a ce kalkuleta ce ta yi min wasa. Tunda duk sunansu rangwame, ni ban ga abin da zai hana a tara su ba. Ko dai littafin ne ya yi kuskure?

MalamKaso:
Wa alaikumus salam, Malama. Littafin ba shi da laifi. Kurakurai uku ne suka haɗu miki wuri ɗaya: tara 20/10/5, cusa rangwamen biya da wuri a cikinsu, da kuma yi wa kuɗin dako rangwame.

Jerin rangwame ba a tara shi, domin kowane kaso ana cire shi ne daga abin da ya rage bayan na gabansa, ba daga farashin farko ba. Ga yadda yake:

Kashi 20 na 25,000 shi ne 5,000, saura 20,000.
Kashi 10 na 20,000 shi ne 2,000, saura 18,000.
Kashi 5 na 18,000 shi ne 900, saura 17,100.

Wannan 17,100 shi ne ainihin kuɗin kaya. Daga shi ake cire kashi 2 na biya da wuri (2 ɗin da ke cikin 2/10), wato 342, saura 16,758. Sai a ɗora dako 800 yadda yake, ba ragi. 17,558.

Mai_Kalkuleta:
Gajeriyar hanya: kada ki nemi abin da aka cire, nemi abin da ya rage. In an cire kashi 20, saura 0.80. In an cire 10, saura 0.90. In an cire 5, saura 0.95. Ninka su: 0.80 × 0.90 × 0.95 = 0.684. Sai 25,000 × 0.684 = 17,100. In kina son sanin rangwame guda ɗaya da ya yi daidai da jerin, 1 − 0.684 = 0.316, wato kashi 31.6. Kin ga ba 35 ba ne.

Dalibar_Kasuwanci:
Na gode, na gane. Amma Malam, in aka fara cire kashi 5 kafin 20 fa? Ba zai canja ba? Gani nake in aka fara da babban, mai saye ya fi cin riba.

MalamKaso:
Ba ya canjawa ko kaɗan. Gwada ki gani: kashi 5 na 25,000 shi ne 1,250, saura 23,750. Kashi 10 na wannan 2,375, saura 21,375. Kashi 20 na wannan 4,275, saura 17,100. Ninki ne, kuma a ninki ko da wa ka fara amsa ɗaya ce. Abin da ke canjawa kawai shi ne girman ragin kowane mataki, amma jimilla tana nan 7,900.

Baba_Akawu:
Malam ya gama da lissafin, ni kuma zan ƙara dalilin da ya sa aka raba rangwamen gida biyu, don in mutum bai san wannan ba zai riƙa maimaita kuskuren ko ya haddace hanya.

Rangwamen sari ba kyauta ba ce, hanya ce ta sa farashi. Masana'anta takan buga katalog da farashi ɗaya, sai ta ba kowane rukunin masu saye nasa kason: babban dila nasa daban, ɗan sari nasa daban, mai sayarwa ɗai-ɗai nasa daban. In farashi ya motsa ba sai an sake buga katalog ba, sai a sauya takardar rangwame kawai. Jerin ma yana da ma'ana: na farko yakan zama na matsayin mai saye a kasuwa, na biyu na yawan kayan da ya ɗauka, na uku na rage kayan da suka daɗe ko na goga kafaɗa da abokin gasa. Duk wannan an gama shi tun ranar ciniki, babu sauran sharaɗi.

Rangwamen biya da wuri kuwa sharaɗi ne da ke jiran gaba. Ranar da aka rubuta inbois babu wanda ya san ko mai saye zai same shi. Shi ya sa ba a iya narkar da shi cikin na farko, 'yata. Ɗaya farashi ne, ɗaya kuma ladan gaggauta biyan bashi.

Dan_Sari_77:
Ni sunan ma yana rikita mutane. Turawa suna ce masa rangwamen tsabar kuɗi, sai wasu su ɗauka dole sai an ƙirga takardun kuɗi a hannu. Ba haka ba ne. Ko cek ne, ko turawa ta banki, muddin an biya cikin wa'adin, an samu.

Hajiya_Lissafi:
Akwai abin da kowa ya tsallake: ba wanda ya tabbatar ma tana cikin wa'adin kafin a cire mata kashi 2. A jarrabawa nan ne tarkon yake. 2/10 na nufin kashi 2 in an biya cikin kwana 10 daga ranar inbois, n/30 kuma cikakken kuɗi cikin kwana 30. Ba a ƙirga ranar inbois ɗin kanta, ƙirga yana farawa washegari. 25 da 10 sun ba da 35, Maris kwana 31 ne, 35 − 31 = 4. Ranar ƙarshe ta rangwame 4 ga Afrilu, don haka 3 ga Afrilu tana ciki. Wa'adin ƙarshe kuwa 25 + 30 = 55, a cire 31, 24 ga Afrilu.

Wanda ya ɗauka kowane wata kwana 30 ne zai sami 5 ga Afrilu, ya biya a makare da kwana ɗaya, 342 ta tafi. A kula da Fabrairu ma. Inbois na 22 ga Fabrairu da 2/10, a shekarar 2023 ya ƙare 4 ga Maris, a 2024 kuma 3 ga Maris, saboda watan ya yi kwana 29.

Kuma kwana 30 ɗin ba bayan kwana 10 suke farawa ba. Duka biyun daga ranar inbois ake ƙirga su. Ɗalibai da yawa suna mayar da shi kwana 40.

Sabon_Shiga:
To in ranar ƙarshe ta faɗo a ranar da ba a aiki fa?

Hajiya_Lissafi:
Littattafan lissafin kasuwanci sukan ce a matsa zuwa ranar aiki ta gaba. A aikace kuwa abin da aka rubuta a yarjejeniya ne ke hukunci, har da batun ko ranar da aka tura kuɗi ake dubawa ko ranar da suka shiga asusun mai kaya. Ga wanda ke tura kuɗi zuwa wata ƙasa wannan ba ƙaramin abu ba ne, don kuɗin kan kwana a hanya.

Mai_Kalkuleta:
Baba Akawu, ranka ya daɗe, ina da ɗan gyara a maganar cewa ba a iya haɗa su. Ta fuskar lissafi zalla ana iya ninkawa gaba ɗaya: 0.684 × 0.98 = 0.67032, sai a ninka da 25,000 a sami 16,758. Amsa ɗaya ce. Abin da aka hana shi ne tarawa, ba ninkawa ba.

Baba_Akawu:
Gaskiyarka a kan takardar jarrabawa. Amma a ofis in ka yi haka ka ɓatar da lambar 17,100, alhali ita ce ke shiga littafi. Rangwamen sari ba ya bayyana a littattafan lissafin kuɗi sam, ba na mai saye ba, ba na mai sayarwa ba. Ba wanda zai rubuta 25,000 sannan ya buɗe wa 7,900 asusu. Ana rubuta sayayya 17,100 kai tsaye. 342 kuwa tana da nata gurbin: wajen mai saye rangwamen da aka samu, wajen mai kaya rangwamen da aka bayar. A littafin kuɗi mai ginshiƙi uku, wanda aka bayar yana gefen debit (hagu), wanda aka samu yana gefen kiredit (dama), kuma waɗannan ginshiƙan biyu ba a daidaita su da juna kamar na tsabar kuɗi da na banki. Kowanne jimillarsa ake yi a kai shi asusunsa a babban littafi.

Odita_Mace:
Baba, wannan ita ce hanyar da ake koyarwa a matakin farko, kuma tana nan daram a jarrabawa. Sai dai akwai ta biyu. Mai saye yana iya rubuta bashin tun farko a kan 16,758, yana mai ɗauka zai biya da wuri. In ya makara, sai 342 ta fito a matsayin rangwamen da ya kuɓuce. Amfaninta shi ne shugaban kamfani yana ganin abin da sakaci ya ci a ƙarshen wata, alhali a hanyar farko asarar ɓoyewa take yi, don abin da ba a samu ba babu inda ake rubuta shi.

Ga kamfanonin da ke bin ƙa'idojin ƙasa da ƙasa kuma, IFRS 15, ƙa'idar rubuta kuɗin ciniki da ta fara aiki a 2018, ta sa mai sayarwa ya yi ƙiyasin rangwamen da ake tsammanin masu saye za su ɗauka, ya rage shi daga kuɗin ciniki, maimakon ya rubuta shi a matsayin kuɗin kashewa daban. IAS 2, ƙa'idar ƙimanta kayan ajiya, ita ma ta ce rangwamen sari da makamantansa a cire su daga kuɗin sayen kaya. Ɗaliba dai ta bi abin da manhajarta ta ce.

Dan_Sari_77:
Mu koma kan 20/10/5, don akwai abin da ke da amfani ga mai kwatanta tayin dilolin biyu ko uku. Duba waɗannan, dukkansu in ka tara 35 suke bayarwa:

35 kai tsaye: kashi 35
30/5: 0.70 × 0.95 = 0.665, kashi 33.5
25/10: 0.75 × 0.90 = 0.675, kashi 32.5
20/10/5: kashi 31.6
15/15/5: 0.85 × 0.85 × 0.95 = 0.686375, kashi 31.36 da ɗoriya

Iya yawan gutsuttsura shi, iya ƙanƙancewarsa. Kuma in gutsattsarin sun yi kusa da juna a girma, ya fi raguwa. Don haka mai ba ka kashi 32 a dunƙule ya fi mai ba ka 20/10/5, duk da a ido na biyun ya fi ƙyalli. Wannan in farashin katalog ɗinsu ɗaya ne ke nan. In ba ɗaya ba ne, kwatanta kaso ɓata lokaci ne, a fitar da kuɗin ƙarshe na kowanne a jera.

MalamKaso:
Ga rangwame biyu akwai dabarar yi da ka: tara su, sai ka cire ninkinsu bisa ɗari. 25/10: 35 − 2.5 = 32.5. 30/5: 35 − 1.5 = 33.5. In uku ne, haɗa biyun farko, sannan ka haɗa sakamakon da na uku. 20/10 ya ba da 28, sai 28 da 5: 33 − 1.4 = 31.6.

Mai_Kalkuleta:
Gargaɗi a kan wancan 0.686375: kada a datse shi. Mutum ya ga lambobi sun yi tsawo sai ya mayar da shi 0.69. A kan kaya na 400,000, daidai shi ne 274,550, datsattsen kuma 276,000. An yi asarar 1,450 saboda ƙyuyar danna lambobi huɗu. Sai an kai amsar ƙarshe ake daidaita ɗigo. A Excel ma haka: =A2*(1-B2)*(1-C2)*(1-D2), a bar shi ya riƙe lambobinsa, in za a sa ROUND a sa a wajen duka.

Dalibar_Kasuwanci:
Allah ya saka da alheri. Tambayar tana da kashi na biyu: an ce in mai saye ya mayar da kayan da farashinsu a katalog 5,000 ne saboda sun lalace. Shin 5,000 zan cire daga 17,100?

Hajiya_Lissafi:
A'a ƙanwata. Ai bai saye su a 5,000 ba, ta yaya za a mayar masa da 5,000? A kan 5,000 × 0.684 = 3,420 ya saye su, ita za a cire. 17,100 − 3,420 = 13,680. Ko kuma ki cire tun daga sama: 20,000 × 0.684, amsa ɗaya. Kashi 2 na 13,680 shi ne 273.60, saura 13,406.40, da dako 14,206.40.

Amma ki karanta kalmomin tambayar da kyau. In aka ce takardar ragin bashi ta nuna 5,000, to an riga an cire rangwamen sari a ciki, ita za ki cire kai tsaye. Kalmar katalog ce ta sa muka ninka da 0.684.

Tsarin da ba ya canjawa: rangwamen sari, kayan da aka mayar, rangwamen biya da wuri, sannan dako a ƙarshe.

Sabon_Shiga:
Me ya sa dako ba ya samun rangwame? Ai a inbois ɗaya yake.

Baba_Akawu:
Domin ba kayan mai sayarwa ba ne. Ya ciro 800 daga aljihunsa ya ba kamfanin jigila a madadinka, 800 ɗin yake jira. In ka cire kashi 2 daga 17,900 ka biya 17,542, ka ci masa 16 da ba naka ba. Kuma ka duba sharaɗin jigila. FOB alama ce ta wurin da kaya ke fita daga wuyan mai sayarwa. In an rubuta FOB wurin lodi, dako a wuyan mai saye yake, kaya kuma sun zama nasa tun daga lodi. In FOB wurin saukewa ne, dako na mai sayarwa ne, bai kamata ma ya fito a abin da za ka biya ba.

Ma'ajin_Kamfani:
Ina son a dubi girman wannan kashi 2 da mutane ke rainawa. Wanda ya bar rangwamen ya biya ranar 30, a haƙiƙa ya ranci 16,758 ne na kwana 20, ya biya 342 a kai. 342 ÷ 16,758 kashi 2.04 ne, ba 2 ba, don abin da ka riƙe 98 ne ba 100 ba. Kwana 20 suna shiga shekara sau 18.25. Ninka: kashi 37.24 a shekara. Masu amfani da shekara mai kwana 360 za su sami 36.73. In aka yi lissafin ruwa kan ruwa, ya kai wajen 44.6.

Dabarar: kaso ÷ (100 − kaso) × 365 ÷ (kwanakin wa'adi − kwanakin rangwame).

Ma'anarsa, a misali, kamfanin da ke iya samun rance a kashi 18 a shekara, rancen 16,758 na kwana 20 zai ci masa 165.28. Ya tsira da 342, ya biya 165.28, ya rage masa 176.72. Shi ya sa ma'aji mai hankali ba ya barin 2/10, n/30 ta wuce shi.

Dan_Sari_77:
Yallaɓai Ma'aji, kada a mayar da wannan doka. Ba kowane sharaɗi ne ke da wannan nauyin ba. 1/10, n/30 kashi 18.43 ne, kusan kunnen doki da rancen da ka kawo misali. 2/10, n/60 kashi 14.9. 1/10, n/60 kuwa 7.37 kacal. A waɗannan biyun na ƙarshe, cin bashi a kashi 18 don a kama rangwame asara ce. Tsawon tazarar ne ke hukunci.

Sannan lissafinka ya ɗauka mai saye zai biya ranar 30 cif. In mai kaya yana kawar da kai har kwana 45 ba tare da tara ba, tazarar ta zama 35, kason ya sauko 21.28.

Ma'ajin_Kamfani:
Lambobinka daidai ne, ban musa ba. Sai dai jan biya zuwa kwana 45 yana da farashin da ba ya cikin dabarar: a rage maka yawan bashin da ake ba ka, ko a mayar da kai layin biya kafin lodi. Abu ɗaya kuma da ya fito daga lissafin: in dai ka riga ka rasa rangwamen, biya ranar 11 ba shi da wata fa'ida a kan biya ranar 30. Haka nan biya ranar 2 bai fi biya ranar 10 ba.

Odita_Mace:
A juya a dubi mai sayarwa shi ma. A ce ribarsa kashi 10 ce a kan 17,100, wato 1,710. In ya ba da 342, kashi ɗaya cikin biyar na ribar ya tafi. Kashi 2 na ciniki, kashi 20 na riba. Kuma masu ɗaukar rangwamen galibi su ne masu ƙarfin da dama can za su biya a kan lokaci, masu taurin bashi ba sa motsi. Ga kuma masu biya ranar 18 su cire kashi 2 da kansu, a bar akawu da ragowar 342 a asusu, a rasa ko a bi ta ko a yafe.

Dalibar_Kasuwanci:
Wata ta sake kamani. In mai saye ba shi da cikakken kuɗin, ya biya 9,800 cikin kwana goman, nawa za a rage masa daga bashi? Na yi kashi 2 na 9,800, na sami 196, na ce 9,996.

MalamKaso:
Kin yi kusa, amma hanyar ba ita ba ce. Kuskuren farko ne ya dawo da wata riga: kin ɗora kason a kan lambar da ba tata ba. 9,800 kuɗi ne da an riga an cire musu rangwame, wato su ne kashi 98 na bashin da aka goge. Don haka rabawa ake yi: 9,800 ÷ 0.98 = 10,000. An rage masa 10,000, rangwamensa 200, saura 7,100 na kaya, da dako 7,900.

Bambancin 4 ne kawai a nan, shi ya sa ake raina shi. In rangwamen kashi 5 ne aka biya 9,500, daidai 10,000 ne, hanyarki kuma 9,975. Yadda za ki gwada amsarki: cire kashi 2 daga abin da kika samu, in bai dawo da ke kan abin da aka biya ba, akwai gyara. 9,996 × 0.98 ya ba da 9,796.08, ba 9,800 ba.

Baba_Akawu:
A ƙara da cewa ba kowane mai kaya ne ke ba da rangwame a kan biyan wani ɓangare ba. Wasu sai an biya inbois duka. In ba a rubuta ba, a tambaya kafin a tura.

Mai_Kalkuleta:
Wannan rabawar ita ce maganin duk tambayar da ke komawa baya. An ba ki 17,100 da 20/10/5 aka ce nemo farashin katalog: 17,100 ÷ 0.684 = 25,000. Wanda ya ƙara kashi 31.6 a kan 17,100 zai tsaya a 22,503.60. Abin da aka sauke da kashi 20 sai an ɗaga shi da kashi 25 yake komawa mazauninsa.

Ga wata da ke yawan fitowa: dila yana ba da 20/10 a kan 25,000, kuɗinsa 18,000. Abokin gasa yana sayarwa 16,920. Wane ƙarin rangwame zai sa su yi daidai? Tazara 1,080, a raba da 18,000, kashi 6. Jerin ya zama 20/10/6. In aka raba da 25,000 za a sami 4.32, kuma ba za ta kai shi 16,920 ba.

Sabon_Shiga:
To wanda ake cewa sayi goma a ba ka ɗaya gyara, kashi 10 ke nan?

Dan_Sari_77:
Kashi 9.09. Ka karɓi 11 ka biya kuɗin 10, ragin 1 cikin 11 ne. Sai in an ce ɗauki goma ka biya tara, shi ne kashi 10.

Hajiya_Lissafi:
Tunda jarrabawa ce a gabanta, bari in kawo sauran alamomin wa'adi, don ba kullum daga ranar inbois ake ƙirga ba.

EOM na nufin a fara ƙirga daga ƙarshen watan inbois. 2/10 EOM a inbois na 12 ga Mayu, rangwame har 10 ga Yuni. Littattafan Amurka da yawa suna ƙara cewa in inbois ya kai 26 ga wata ko bayan haka, a ƙara wata guda: na 27 ga Mayu ya kai 10 ga Yuli.

ROG daga ranar da kaya suka iso ake ƙirga, ana amfani da shi in hanya tana da nisa. Inbois 2 ga Yuni, kaya sun iso 20 ga Yuni, 3/15 ROG, rangwame har 5 ga Yuli.

2/10-60X ƙarin kwana 60 ne a kan goman, jimilla 70. Inbois na 1 ga Agusta ya kai 10 ga Oktoba. Masu kayan da ke da lokacinsu a shekara ne suka fi yin wannan, don a kwashe kaya tun kafin kasuwarsu ta buɗe.

In kuma kin ga 3/10, 1/20, n/60, wannan ba jeri ba ne irin 20/10/5. Ɗaya kawai ake samu: kashi 3 cikin kwana 10, kashi 1 daga rana ta 11 zuwa ta 20, bayan nan babu. Kada ki ninka su, balle ki tara.

Odita_Mace:
Hajiya, wannan ta 26 ga wata ina da ja a kanta. Al'adar littafi ce, ba doka ba. Manhajojin lissafin kuɗi suna da gurbin da kowane kamfani ke saka ranar yankewarsa, wani ma ba ya sakawa sam. Ɗalibi ya bi littafinsa, amma akawu ya dogara da ita ba tare da an rubuta a yarjejeniya ba, zai cire rangwamen da mai kaya bai yarda da shi ba.

Hajiya_Lissafi:
Ai shi ya sa na ce littattafan Amurka. Ban ce ko'ina ba.

Ma'ajin_Kamfani:
Ba wanda ya taɓo harajin VAT. A kan 17,100 ake lissafa shi, ba a kan 25,000 ba, wannan babu gardama. Inda ƙasashe suka bambanta shi ne rangwamen biya da wuri. A Birtaniya kafin Afrilun 2015 ana lissafa harajin ne a kan kuɗin da aka cire wa rangwame, ko mai saye ya biya da wuri ko bai biya ba. Daga 1 ga Afrilu 2015 aka koma kan abin da aka biya a zahiri. Tsofaffin littattafai suna nan da tsohuwar hanya, a duba shekarar bugu.

Dalibar_Kasuwanci:
Na sake yin duka ukun sun fito daidai, Allah ya ƙara basira. Saura abu ɗaya da bai kwanta min ba a batun 9,800. Malam ya kai kuɗin duka kan kaya. In mai kaya ya ce shi 800 ta dakonsa zai fara cirewa fa?

MalamKaso:
To sai 9,000 ce kawai ke cin rangwame: 9,000 ÷ 0.98 = 9,183.67. Saura 17,100 − 9,183.67 = 7,916.33, maimakon 7,900. A jarrabawa ki kai kuɗin kan kaya, ki rubuta a gefe cewa haka kika ɗauka.

Baba_Akawu:
A ofis kuwa mai biya ya rubuta a takardar da ke rakiyar kuɗin cewa na kaya ne. In ya yi shiru, akawun mai kaya ne zai zaɓa, kuma dako zai fara cirewa.

Dan_Sari_77:
Ba lallai ba, Baba. In manhaja ce ke rarraba kuɗin, inbois ɗin take gani a dunƙule, sai in tun farko an ware layin dako an nuna mata ba ya cin rangwame. In ba a ware ba, har 800 ɗin za ta yi wa kashi 2.